Babi na Bakwai: Beguwa, Mai Rigar Ƙaya

A cikin akwatin ƙarfen da mahaifiyata ta bari, ƙarƙashin tsofaffin zannuwan saƙi, akwai kibiyar beguwa guda uku ɗaure da baƙin zare. Babbar cikinsu ta ɗara taƙi ɗaya, zanen baƙi da fari na bin juna a jikinta har zuwa tsini. Da su take tsaga kan ƙannena mata idan za ta yi musu kitso. Ba saye ta yi ba. Sa'ad da nake yaro a Jabo, wajen ƙarshen shekarun 1970, ba a sayen kibiyar beguwa, tsinta ake yi. Wanda ya yi sammakon zuwa gona, ko yarinyar da ta fita itace, sai su dawo da ɗaya ko biyu soke a hula ko a ɗankwali. Dabbar kanta kuwa kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ganinta da rai, domin ita da rana ba sa ga maciji. Sawunta muke gani da safe, da ramukan da ta tona, da ƙayar da ta zubar a hanya.

Tun da muka kira ƙayarta kibiya, sai muka ɗauka harbi take yi. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Tambuwal ya ji ana cewa idan beguwa ta girgiza jiki, kibiyoyi ke tashi su sami mutum daga nesa. Ba mu kaɗai muka yi mata wannan ƙage ba. Masana na dā a Girka da Rum, irin su Aristotle da Pliny, sun rubuta haka. Sarkin Faransa Louis na 12, wanda ya yi mulki daga 1498 zuwa 1515, beguwa ya ɗauka tambarin sarautarsa, wai don ya nuna yana kai wa maƙiyi na kusa da na nesa. Shekara dubu biyu ana yawo da magana ɗaya, kuma ba gaskiya ba ce.

Wanda ya fara gyara mini ita kawuna ne, wan mahaifiyata, maharbi ne da bai taɓa shiga aji ba. Na tambaye shi wata rana yana gyaran tarko a zaure.

"Kawu, nisa nawa kibiyar beguwa ke kaiwa?"

Ya ɗago kai ya dube ni. "Wa yag gaya ma tana halbi? Shekarata talatin cikin dajin ga, ban taɓa ganin ta halbi kowa ba. Kare shi ka kai kainai gare ta."

Abin da ya bayyana mini ranar, shi na zo na tarar a littattafan masana dabbobi bayan shekaru masu yawa, babu ragi babu ƙari. Ƙayar beguwa gashi ce da ta yi kauri ta ƙafe, sinadarinta ɗaya da na farce da ƙaho. Ba ta da tushe mai ƙarfi a fata, saboda haka da ta shiga naman wani sai ta tsige ta zauna can, wata ta tsiro a gurbinta. Kuma kafin a kai ga haka, beguwa takan yi gargaɗi iri-iri. Da fari ta tayar da dogon gashin da ke bisa kanta da wuyanta, ta buɗe ƙayar baya har ta ninka girmanta a ido. In ba a ji ba, ta kaɗa wutsiya. A ƙarshen wutsiyar akwai wasu gajerun ƙayoyi masu rami a ciki, bakinsu a buɗe, idan suka bugi juna sai ka ji kamar ana kaɗa caki. In ba a ji ba, ta buga ƙafar baya a ƙasa, ta yi gurnani. Sai duk wannan ya ƙare ba a rabu da ita ba, sannan ta juya baya ta taho da gudu da baya-baya, ko a kaikaice, ta kafa wa mai binta gajerun ƙayoyi masu kauri da ke kan ƙugunta. Saurin abin ne ke sa mai kallo ya rantse harbowa ta yi. Ban san wata dabba mai makami irin nata da ke ba abokin gaba dama har sau uku ya koma gida lafiya ba.

Wanda ya ƙi ji kuwa ba ya ƙin gani, ko da zaki ne. A 2019 wasu masana da ke aiki da gidan tarihin Field na birnin Chicago suka tattara labaran zakuna kusan 50 da beguwa ta raunata ko ta kashe a Afirka. Samarin zakuna maza da ba su da garke su suka fi faɗawa, musamman a shekarun fari. A cikinsu har da zakin Darajani a Kenya, wanda aka harbe a 1965 bayan ya kashe mutum, aka tarar da ƙayar beguwa kafe cikin hancinsa.

Yanzu bari in ba da labarin da ya sa na rubuta wannan babi.

Shekarar da na shiga aji biyar, bayan an gama kaka, wani maƙwabcinmu ya zo wa kawu da kuka. Beguwa ta shiga masa rogo a fadama, dare uku a jere, ta tone kunya wajen goma. Ba abin wasa ba ne. Mai rogo kaɗan da ya dogara da shi ya kai iyali bazara, idan ya wayi gari ya ga saiwa a waje an gwaguye rabi an bar rabi, ba wanda zai ce masa ya yi haƙuri don dabbar tana da kyau. Kawu ya bi sawu, ya ɗana tarko a mashigarta, kwana biyu ta faɗa. Sai da ya yanka ya juya ta, ya ga nono na tsatsa. Nonon beguwa ba a ciki yake ba, a gefen haƙarƙari yake, bayan hammata, shi ya sa ba a lura da shi da wuri. Ina tsaye a wurin. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Na yi ɓanna. Wagga tana da goyo."

Bai tsaya fiɗa ba, ya bar wa mai rogon. Ya bi sawun baya har wani tsohon ramin dabgi a gindin tudun marmara, ya zauna nesa da bakin ramin tun la'asar. Sai bayan isha ya dawo gida da abu cikin burgami. Da ya zazzage shi a tsakar gida, ga wata 'yar halitta da ba ta fi ɗan kyanwa ba, idonta biyu, ƙayarta gajeru kamar tsinken tsintsiya, ta juya mana baya tana kaɗa wutsiyar da ko ƙara ba ta fara yi ba. 'Ya'yan beguwa da ido buɗe ake haihuwarsu, bayan cikin wata uku da 'yan kwanaki, ɗaya ko biyu, da wuya uku. Ƙayarsu da taushi take fitowa, cikin mako guda ta yi ƙarfi. Tamu ta wuce wannan mataki, amma ba ta isa yaye ba.

Matar kawu ce ta raine ta, ita da ta fi kowa faɗa a daren farko. Nonon akuya take tsoma tsumma a ciki ta matsa mata a baki, safe da dare da tsakar dare. Bayan kamar mako biyu ta fara gutsurar dankali. Mu yara muka sa mata suna 'Yar-Dare, don yini take kwance ƙarƙashin rumbu, sai an yi magariba ta fito tana sunsune-sunsune. Idonta ba ya gani sosai, amma hancinta da kunnenta ba dama. Tun kawu yana ƙofar zaure take sanin shi ne. Takan tafi wurinsa ƙaya a kwance sumul, ta ɗora ƙafafun gaba a gwiwarsa, ya sosa mata ƙarƙashin haɓa da bayan kunne inda gashi ne kawai, ita kuwa tana wani gunaguni ƙasa-ƙasa kamar tsohuwa mai lissafin cefane. Idan aka ba ta gyaɗa ko ɓarin kabewa, sai ta danne da hannu biyu ta ci a natse, ba ta warwaso. Baƙo kuwa ko tari ya yi, sai ka ga ta kumbura.

Ɓarna kam ta yi. Ta gwaguye gindin turmi, ta cinye ƙotar gatari biyu, ta huda ƙyauren ɗakin girki. Kakata ta ga tana jan ƙashin rago zuwa maɓoyarta, ta ce lalle wannan dabba akwai abin da take ɓoyewa, mai cin saiwa me ya haɗa ta da ƙashi? Amsar tana bakinta. Beguwa dangin ɓera ce da gafiya da kurege, ita da 'yar'uwarta ta kudancin nahiyar su ne manya a wannan dangi duk Afirka, babba kan kai kilo 15 har ta wuce 20. Haƙoran gaba na wannan dangi ba sa daina tsiro har mutuwa, dole a riƙa goge su da abu mai tauri. Ƙashi kuma yana ba ta sinadarin da saiwa ba ta da shi. Shi ya sa bakin ramin beguwa a daji ba ya rabuwa da tsofaffin ƙasusuwa. Bushiya da muke haɗa su a magana ba danginta ba ce ko kusa, ita ƙwari take ci, kama da wane ba ta wane.

Ta kusa shekara a gidan. Da damina ta sake wucewa sai halinta ya canja. Dare duk tana bin gindin katanga tana tono, tana kai da komowa. Ta soki karen maƙwabta a ƙirji, da ƙyar ya rayu. Ta ci ƙafar rumbu har ya karkata. Mu yara muka ce a yi mata keji na ƙarfe. Kawu ya ce, "Ba ta yi laihi ba. Miji taka biɗa, da rami nata. Mu munka ɗauko ta, mu ka maishe ta." Beguwa aure ɗaya take yi. Namiji da mace sukan zauna rami ɗaya shekara da shekaru, su fita kiwo tare, kuma uban yakan raka 'ya'ya ya tsare su idan sun fara fita. Kawu ya san wannan tun ba a rubuta masa ba.

Ya jira sai da wata ya yi duhu, domin a farin wata beguwa ba ta son nisa da rami, abin da masu bincike a Italiya suka auna suka tabbatar daga baya. Ya sa ta a babban kwando ya rufe da buhu, ya ɗora a jaki, muka yi kudu, wajen dajin da ya miƙa ƙasar Kebbe, inda sabara da geza da taramniya suka rufe gindin duwatsu, kuma babu gona kusa. Ya buɗe kwandon a bakin wani kogo, ya zuba mata dankali da aduwa. Ta fito, ta sunsuni ƙafarsa, ta sunsuni ƙasa, ta shiga. A hanyar dawowa bai yi magana ba, ni ma ban yi ba. Daga wannan shekara bai ƙara ɗana wa beguwa tarko ba sai ya duba sawu ya tabbata babu ƙanana a tare da manya, kuma bai ƙara yarda a turara hayaƙi a rami yana wurin ba.

Mai karatu na birni zai iya tambaya, ta yaya mutum zai so dabba kuma ya ci namanta? A wurinmu wannan ba ya karo da juna. Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Sakkwato da Gwandu da Tambuwal, ya lissafa bushiya da beguwa cikin namun dajin da suka halatta. Amma malaman da suka karantar da mu wannan, su ne kuma suka karantar da mu labarin da Abu Dawuda ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a kan hanyar tafiya, ta zo tana shawagi a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su su mayar mata. Halascin yanka bai taɓa zama izinin ƙarar da iri ba. Wani abin da ke faranta mini rai kuma, alfadarar Manzon Allah da Muƙauƙis na Masar ya aiko masa, sunanta Duldul, kuma duldul a Larabci ɗaya ne daga sunayen beguwa.

Kakanninmu fatake da suka bi ta Jega zuwa Gwanja sayen goro sun tarar da mutanen da suka ɗaukaka ta fiye da haka. Asante sun mai da beguwa, wadda suke kira kotoko, alamar ƙasarsu, suna cewa in ka kashe dubu, dubu za su taso, kamar yadda ƙaya ke maye gurbin ƙaya. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Asante Kotoko da aka kafa a Kumasi a 1935 daga nan ta samo suna, kuma Hausawan zango suna cikin masu cika mata fili. A birnin Siena na Italiya, ɗaya daga unguwanni 17 da ke sukuwar dawaki ta shekara-shekara sunan beguwa take ɗauke da shi, da hotonta a tuta. Irin tamu ce kuwa sak, wadda masana ke kira Hystrix cristata, tana nan daga Italiya da Arewacin Afirka, ta bi Senegal har Habasha da Tanzaniya. A Turai doka ta hana kashe ta tun yarjejeniyar Bern ta 1979, kuma ta yaɗu zuwa arewacin Italiya inda a dā babu ita. Akwai wuraren jinyar namun daji a can da ake kai wadda mota ta buge ko marainiyar da aka tsinta, a yi mata magani, a rage cuɗanya da ita don kada ta saba da mutum, in ta warke a mayar da ita dawa da dare.

A 'yan shekarun nan kuma beguwa ta shiga waya. Wata ta Amurka mai suna Teddy Bear ta yi suna a 2011 da wani bidiyo da take cin masara tana ƙananan koke-koke idan aka nemi karɓewa, miliyoyin mutane suka kalla. Ta Amurka daban take da tamu, tana hawa itace, kuma ƙayarta gajera ce mai ƙananan ƙugiyoyi a tsini. Ina murna da wannan so, domin wanda ya yi wa dabba dariyar ƙauna ba zai yi saurin jifanta ba. Amma akwai abin da bidiyo ba ya nunawa. Na taɓa shiga wani gidan namun daji da tsakar rana, na tarar da beguwa biyu a kan daɓen siminti, babu inuwar kirki, babu inda za su tona, yara na jifansu da tsakuwa don su ga sun tayar da ƙaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da na koma bayan shekara biyu sai na ga an kwantar da rabin ganga an rufe ta da ƙasa, an zuba yashi, ga rassan itace da ƙashin sa a gefe. Wani dattijo mai share kejin ne ya yi, da kuɗin aljihunsa. Ya ce mini shi ɗan maharbi ne, ba ya iya barci idan ya tuna yadda suke yini. A tsare beguwa kan wuce shekara 20 da rai, ka ga shekara 20 a kan siminti ba ƙaramin hukunci ba ne.

Manomi ma yana da haƙƙi, kuma ba na son a karanta wannan babi a ce na manta da mai rogo. Abin da ke tsare gona daga beguwa sananne ne, ragar waya mai kauri wadda aka binne gindinta cikin ƙasa, don in a sama kawai aka kafa ta, ta ƙasa za ta bi. Tsada gare ta ga mai kunya goma, amma masu lambu a fadama ɗaya suna iya haɗa hannu su kewaye gefen da ke fuskantar dutse. Kuma tonon nata ba duka ne hasara ba. A hamadar Negev an daɗe ana nazarin ramukan da beguwar can ke bari idan ta tono saiwa, aka ga ruwan sama da iri da dattin ganye suna taruwa a ciki, tsiro ya fi kamawa nan fiye da fakon da ke kewaye. Wanda ya ga tassa da manoman Adar ke haƙawa a ƙasar Tawa don farfaɗo da fako zai gane aikin nan take.

Hukumar kare halittu ta duniya ba ta sa beguwarmu cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa ba, kuma in an dubi faɗin Afirka haka ne. Amma dabba tana iya yawa a duniya ta ƙare a garinku. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tambuwal mutum sama da 220,000, Kebbe kuwa kusan 125,000 a ƙasar da ta fi ta Tambuwal faɗi, kuma tun daga lokacin an ƙaru ƙwarai. Gonaki sun hau har gindin duwatsun da muke tsoron zuwa muna yara. Saurar da ake bari ta huta shekara biyar yanzu ba ta samun ko ɗaya. Masu gawayi sun bi marke da ƙirya. Dabgi, wanda ke haƙa ramin da beguwa ke gada, ya riga ta tafiya. Dokar namun daji ta Jihar Arewa tana nan tun 1963, amma doka ba ta haƙa rami. Sauran dajin da ya rage a kudu kuwa rashin tsaro ya raba shi da masu saninsa, maharba da yawa sun koma gadin gari. Tudun da kawu ya ɗauko 'Yar-Dare a gindinsa, gero ne yanzu har samansa. Na nuna wa wata jikar ƙanwata kibiyoyin nan uku, ta juya su a hannu ta tambaye ni ko na roba ne.

Kawu ya rasu da daɗewa. Ɗansa na biyu ne ya gaji burgamin, ko da yake ya fi noman albasa yanzu. Bara da kaka ya zo Sakkwato ganin likita, ya sauka wurina. Bayan an ci tuwo ya ciro wani abu naɗe a takarda daga aljihun gaba ya miƙo mini. Kibiya ce sabuwa, farinta bai dushe ba, gindinta da sauran danshin ƙasa da ya bushe.

"Yaya, ka san inda nis same ta? Bakin kogon nan da Baba ya kai ku da jaki."

Na tambaye shi ko ya ga dabbar.

"A'a, sawu dai nig gani. Manya biyu, da ƙarami guda tsakaninsu."

"Ka gaya wa wani?"

"Ko matata ban gaya ma ba."

Na kwance baƙin zaren, na haɗa ta da ukun mahaifiyata, na ɗaure.